Farar wuta a cikin mai: abin da dokar tsabtace fetur da gazuwal ke jawo wa matatu irin tamu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan tsohuwar tirela a mashigar Maraɗi, lokacin da direba ya taka totur za ta tashi da kaya, ya san hayaƙin da za mu yi magana a kai. Wuri ya turnuƙe, ɗan kabu-kabu ya ja rawani ya toshe hanci, mai ƙosai ta juya baya tana tari. Galibi injin da ya tsufa muke ɗora wa laifi, kuma da gaskiyarmu. Sai dai wani kaso na laifin a cikin man kansa yake, tun kafin a zuba shi a tanki.

Masu saurare sun sha tambayarmu abin da ake nufi da "tsabtataccen mai", tunda dai duk man da aka saya a gidan mai garau yake a ido. To, dattin da ake magana ido ba ya ganinsa, kuma babbansa abu ne da kowa ya sani: farar wuta. I, ita dai wannan ta ruwan ɗorawa da ake samu wajen masu maganin gargajiya. Allah ya halicci ɗanyen mai da ita a ciki, wani da yawa, wani kaɗan. In ta ƙone a injin sai ta fito da iska mai shaƙe ƙirji, ta kuma ƙara yawan ƴan mitsi-mitsin ƙurar hayaƙin nan da ke shiga can cikin huhu. Tun 2012 cibiyar binciken sankara ta hukumar lafiya ta duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa sankara. Ku haɗa wannan da ƙurar hunturu a Yamai ko Damagaram, ku tuna mai asma da jariri.

Ɓarnarta ba ta tsaya ga huhu ba. Motocin zamani da ake kawo mana daga Turai suna zuwa da wata tukunya a jikin salansa, wadda kanikawa ke kira katalizar. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, irin su filatinam, da ke kashe dafin hayaƙi kafin ya fita. Masu shan gazuwal kuma suna da matacin ƙura. Farar wuta na dakushe katalizar, tana toshe matacin. Shi ya sa dokar mota mai tsabta ba ta aiki sai da dokar mai mai tsabta. A nan gida kuwa mun san abin da ake yi: tukunyar na fara damun mai mota, sai a cire ta a sayar, mota ta ci gaba da tafiya tana feso wa na baya.

Da ma'aunin kashi cikin miliyan ake auna ta, abin da za ku ga an rubuta ppm. Bari mu kawo shi kasuwa. Ku ɗauki buhu goma masu kilo 100, tan guda ke nan na mai. In an ce 10 ppm, nauyin farar wutar da ke ciki giram 10 ne, kamar ƙwayar sukari biyu. In an ce 50, kamar ƙwaya goma. In an ce 3000, kilo uku ne, wajen tiya guda. Tarayyar Turai ta tsaida nata a 10 tun 2009. A watan Satumban 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto bayan ta ɗebi mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Mali da Benin da Ghana. Ta samu gazuwal ɗin da farar wutarsa ta ninka ta Turai sau 378. Abin takaicin, da yawa daga man nan a tashoshin ruwan Holan da Beljiyam ake haɗa shi, don Afirka musamman, saboda dokokinmu sun yarda.

Rahoton ya tada ƙura. Ghana ta sauke nata zuwa 50 a 2017. A watan Fabrairun 2020 ministocin CEDEAO suka haɗu a Wagadugu suka amince da 50 ga fetur da gazuwal: man da ake shigowa da shi daga farkon 2021, matatun cikin gida kuma aka ba su wa'adi zuwa farkon 2025. Holan ta hana fitar da man da ya wuce 50 daga tashoshinta tun Afrilun 2023, Beljiyam ta bi sahu a 2024. Nijar ta bar CEDEAO tare da Mali da Burkina, wannan kowa ya sani, amma motocin da muke saye da man da ke ƙetare iyaka ba su bar kasuwar yankin ba.

Ku lura da tazarar shekaru huɗu da aka ba matatu. A nan maganar take. Ƙasar da ke sayo mai daga waje, alƙalami kawai take buƙata: ta canza lamba a takardar oda, ta biya ɗan ƙari. Haka ƙasashen gabashin Afirka suka koma 50 a gazuwal tun Janairun 2015 ba da wata wahala ba, don matatar Mombasa ta riga ta daina aiki a 2013. Mai matata kuwa sai ya shiga cikin tukwanensa ya sake lissafi.

Yadda ake fasa mai

Matakin farko a kowace matata rarrabewa ne. Ana dafa ɗanyen mai, tururinsa ya hau wata doguwar hasumiya, mai sauƙi ya tsaya sama, mai nauyi ya zauna ƙasa: gas, fetur, kananzir, gazuwal, sai baƙin mai kauri a gindi. Kamar sheƙe hatsi ne, ba a ƙara komai ba, an dai ware. Matsalar ita ce fetur ɗin da ake samu ta haka kaɗan ne, ba shi da ƙarfi, kuma kaso babba na gangar baƙin nan ne da babu mai babur ɗin da zai saya.

Sai aka nemo dabarar fasawa. Ƙwayoyin mai mai nauyi dogaye ne kamar igiya, na fetur gajeru. In ka iya daddatsa dogon, ka samu fetur. Wani injiniya ɗan Faransa, Eugène Houdry, ya yi haka da katalizar a shekarun 1930. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka kunna irin na'urar da ake amfani da ita har yau a garin Baton Rouge na Amurka. Ita ce ake taƙaita sunanta da FCC. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, tana da irin wannan sashe. Matatar Dangote da ke Legas, mai ganga 650,000, ita ma tana da nata, ƙato.

Shi katalizar abu ne da ke sa aiki ya yi sauri ba tare da ya shiga cikin abin da aka samar ba. Uwar gida za ta ce kanwa a tukunyar wake, kuma ta yi kusa, sai dai ita kanwa narkewa take a cinye ta. Dillali ya fi kama da shi: ya haɗa ciniki, ya koma ya jira na gaba. Na sashen fasawa gari ne mai laushi, an yi shi da wani ma'adini mai suna ziyolait, wanda aka fara sawa a shekarun 1960. Kowace ƙwaya cike take da ƴan ramuka kamar saƙar zuma, a cikinsu ake datse igiyar man.

Ana fesa baƙin mai a gindin wani dogon bututu, ya gamu da garin nan da zafinsa, su hau tare a zafin da ya haura digiri 500. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku an gama. Amma garin ya yi baƙi, gawayi ya lulluɓe shi, ba ya iya aiki. Sai a tura shi tukunya ta biyu a hura masa iska, gawayin ya ƙone a wajen digiri 700, ya fito fes da zafi, ya koma gindin bututu. Haka yake zagayawa dare da rana, tan-tan a kowane minti, shekara da shekaru. Kullum ana ƙara sabo kaɗan, ana kwashe wanda ya gaji.

To ina farar wuta a nan? Ita a mai mai nauyi ta fi taruwa, wato daidai abin da ake ciyar da sashen fasawa. In an fasa, wani kaso ya fita a iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani ya bi gawayi ya ƙone ya fita ta bututun hayaƙin matata, saura ya rarrabu cikin fetur da gazuwal. A Amurka da Turai fetur ɗin sashen fasawa wajen kashi ɗaya ne cikin uku na abin da ake haɗawa a kai gidan mai, amma kusan kashi 90 cikin ɗari na farar wutar daga gare shi take. Duk dokar da ta ce a rage farar wuta a fetur, da wannan sashe take magana.

A cire dafi, ƙarfi ya tafi

Maganin da aka sani shi ne wanke mai da iskar haidirojin. Ana haɗa su a tukunya mai zafin digiri 300 zuwa 400, da matsin da ya ninka na tayar mota sau ashirin ko talatin, har fiye, a bi da su ta kan wani katalizar dabam mai ƙarafan kobalt ko nikel haɗe da molibdenam. Haidirojin ya fizge farar wutar ya fita da ita, daga baya a maida ta gari ruwan ɗorawa a sayar wa masu yin taki.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma ƙarfin fetur, abin da ake aunawa da lambar oktan, a fetur ɗin fasawa yana dogara sosai ga wasu ƙwayoyi da ake kira olefin. Shi kuwa haidirojin ba ya tambaya: yana cire farar wuta yana lalata olefin. Sai ka tashi da fetur mai tsabta amma rago, wanda ke sa injin ƙwanƙwasa a hawan tudu. A da, darma ake zubawa a tada oktan cikin arha. An gane tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Wannan ƙofa ta rufe, kuma gara da ta rufe.

Saboda haka injiniyoyi suka koma wayo. Sun lura olefin ya fi yawa a fetur mai sauƙi, farar wuta mai taurin kai kuma a mai nauyi. Sai a raba shi biyu, a wanke na ƙasa da ƙarfi, a lallaɓa na sama. Wasu matatun, musamman a ƙasar Sin inda fetur ɗin fasawa ya fi yawa a haɗinsu, suna amfani da wata hanya mai suna S Zorb, inda wani gari ke tsotse farar wutar ba tare da an yi asarar oktan da yawa ba. Masu kuɗi kuwa tun daga tushe suke farawa, su wanke baƙin man kafin ya shiga sashen fasawa. Wannan ya fi komai kyau, don fetur ya ƙaru, hayaƙin matata ya ragu, katalizar ya daɗe. Shi ne kuma ya fi komai tsada.

Shi ma garin fasawar an sake masa girki. Yau akwai abin da ake barbaɗa masa ya rage farar wutar fetur tun cikin bututu, amma ragin nasa bai kai ya sauko da dubu zuwa 10 ba, taimako ne kawai. Akwai wanda ke kama farar wutar da ke ƙonewa a tukunya ta biyu, kada ta fita ta sauka kan ƙauyukan da ke kewaye. Akwai wani ziyolait mai ƙananan ramuka, ZSM-5, da ke ɗaga oktan ya ƙara gas, amma ya rage yawan fetur. Kowane da abin da yake ci. Matatar da ke fasa baƙin gindin hasumiya kai tsaye tana da ƙarin ciwon kai, don a cikinsa akwai nikel da banadiyam. Nikel na ƙara gawayi, banadiyam na rusa ramukan ziyolait, sai a riƙa canza gari da yawa. Garin nan kuma babu mai yinsa a yankinmu. Kamfanoni ƴan ƙalilan ne a Amurka da Turai da Sin da Japan. A 2010 da 2011, da Sin ta taƙaita fitar da wasu ma'adinai da ake ƙarfafa ziyolait da su, farashin katalizar ya tashi a duniya baki ɗaya. Mu da ba mu da teku, sai a ƙara da kuɗin jirgin ruwa da na tirela.

Gazuwal ma da tasa rigimar. Wanda ke fitowa daga sashen fasawa ba ya kama wuta da kyau a injin, kuma farar wutar da ke cikinsa ta ɓuya a wasu ƙwayoyi masu wuyar sha'ani. Saukowa daga 3000 zuwa 500 ba wani abu ba ne. Daga 500 zuwa 50 sai an ƙara zafi da matsi. Daga 50 zuwa 10 kuwa, ragowar da ta saura ita ce mafi taurin kai, sau da yawa sai sabuwar tukunya mai kaurin ƙarfe, da katalizar mai ƙarfi, da haidirojin mai yawa. Kamar tsintar tsakuwa ce a shinkafa: manyan nan da nan ake gani, ta ƙarshe ita ke cinye yini.

Haidirojin ɗin ma ba a banza ake samunsa ba. A ƙananan matatu yana fitowa ne daga sashen da ke gyara fetur da katalizar mai filatinam. Wannan sashe na ba da oktan, amma yana samar da benzin, wani sinadari mai jawo sankarar jini, wanda Turai ta taƙaita a kashi 1 cikin ɗari. In ka rage wa sashen wuta don benzin ya sauka, haidirojin ya ragu, alhali yanzu ne ka fi buƙatarsa. Bargo ne gajere, ka rufe kai ƙafa ta fito. Sai a gina wani sashe na musamman don haidirojin kawai.

Wani ɗan bayani ga masu injin niƙa da injin ban-ruwa: wankin nan mai ƙarfi yana rage wa gazuwal santsin da ke kare famfon mai. A Suwidin, farkon shekarun 1990, famfuna sun lalace kafin a gane. Tun daga nan matatu ke zuba sinadarin santsi kafin mai ya fita. Saboda haka gazuwal mai tsabta da aka yi bisa ƙa'ida ba abin tsoro ba ne ga tsohon injin, hasali ma baƙin man injin ya fi daɗewa da shi.

Wa zai biya?

Ƙungiyar masu matatu da dillalan mai ta Afirka, ARDA, ta ƙiyasta cewa ana buƙatar sama da dalar Amurka biliyan 15 kafin matatun nahiyar su kai 10. Wahalar kuɗin nan ita ce ba su ƙara ko lita ɗaya a abin da matata ke fitarwa. Ribarsu a asibiti take da garejin kanikawa, ba a littafin matata ba. Afirka ta Kudu ta so komawa 10 tun 2017, ta yi ta ɗagawa har zuwa 2027, saboda masu matatu sun ce ba su ga inda za su maida kuɗinsu ba. Ana cikin wannan ja-in-ja Sapref, matata mafi girma a ƙasar, ta tsaya a 2022, kuma tsadar gyaran na cikin dalilan. Yau ƙasar ta koma sayo mafi yawan manta daga waje.

Mu a nan muna da sa'a guda: ɗanyen man Agadem ba ya cikin masu yawan farar wuta, ya fi na ƙasashen Larabawa da yawa sauƙi ta wannan fanni. Wanda ya fara da ɗanyen mai irin wannan tafiyarsa ta fi gajarta. Amma muna da rashin sa'a guda biyu. Matatar ƙarama ce, kuma tukunyar wanki ta ƙaramar matata ba ta raguwa a farashi daidai da ƙanƙantarta, don haka kowace lita ta fi ɗaukar nauyi. Na biyu, ita kaɗai ce. Canza katalizar ko haɗa sabon sashe yana buƙatar a kashe wuta na makonni. Wanda ya kwana a layin mai a watan Maris na 2025 ya san yadda gari ke zama in fetur ya yi ƙaranci. Ga shi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 man ƴan ruwa-ruwa ya daina arha, jama'a suka koma gidajen mai, nauyi ya ƙaru kan SORAZ.

Farashi kuma gwamnati ke tsaida shi. A Yulin 2024 an sauke litar fetur zuwa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, jama'a suka yi murna, mu ma mun yi. Amma matatar da aka ɗaure wa farashi ba za ta ciro kuɗin sabuwar tukunya daga aljihun mai saye ba, sai dai masu hannun jari su zuba, wato kamfanin CNPC na Sin mai kashi 60 da gwamnatin Nijar mai kashi 40. A ganinmu, tunda ana maganar gina wata matata a Dosso, lokacin da ya fi dacewa a tsaida lambar farar wuta shi ne yanzu, tun zane na kan takarda. Sashen wanki da aka gina tare da matata ya fi arha nesa ba kusa ba a kan wanda aka liƙa mata bayan shekara goma. Matatar Dangote haka ta yi, tun farko aka tsara ta kan mizanin Turai.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar biliyoyi. Matata na auna farar wutar kowane tankin da ta cika, masu shigo da mai ma suna zuwa da takardar gwaji. A riƙa bayyana wa jama'a lambar nan, ta man gida da ta man waje, yadda ake liƙa farashi a bakin gidan mai. Mai shigo da motoci zai san irin wadda za ta jure, bakanike zai san ko tukunyar salansa ce ta mutu ko mai ne ya kashe ta. A shirinmu na gaba kan wannan batu za mu buɗe layi ga kanikawa da direbobin manyan motoci, su faɗa mana abin da suke tararwa in sun kwance famfo da salansa.